Bututun da Aka Kai Rumbun Gyaɗa

Ranar sunan jikata ta wajen Binta, ina zaune a ɗaki ina jin mata suna hira a tsakar gida, sai wata yarinya daga gidan Baffanku, wadda ko uwarta ba a haifa ba lokacin da abin ya faru, ta ce ai kowa ya sani Hajiya ce ta raba gandun gidan nan. Ba wanda ya ce mata kul. Ku ma da kuke wurin shiru kuka yi, kuma ban ga laifinku ba, abin da kuka taso kuna ji ke nan. To ni dai na gaji. Babanku ya rasu bai faɗa ba, shi da ma magana ba ta dame shi ba. Baffanku Audu ya rasu bai faɗa a gaban mutane ba. Inna, kakarku, ta riga su duka. Ni kaɗai na rage, kuma ba zan bi su da wannan suna a kaina ba. Ku zauna ku ji yadda bututun garwa ya raba gida.

Da aka kawo ni Unguwar Hajji daga Jajaye, gidan tukunya ɗaya ce, gona ɗaya, komai kuma a hannun Yaya Audu, wan babanku, tun rasuwar mahaifinsu. Shi ke cewa a yi shuka, shi ke cewa a yi noma, shi kaɗai ke hawa tsani ya buɗe rumbu. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutum ne mai ƙwazo, ba ya cin abin wani. Cutarsa ɗaya ce, bai iya ganin abu yana tafiya a banza ba. Ruwan wanke-wanke sai an kai shi gindin gwanda. Toka sai ta je gona. In riga ta mutu ta zama tsumma, in tsumma ya mutu ya zama igiyar ɗaure akuya. Da hayaƙin murhu yana kamuwa da hannu, da ya sa mun tara masa shi a buhu.

Abin alfaharin gidan kuwa gyaɗa ce. Akwai wani iri da mahaifinsu ya bari, mai yaɗo, jar fata, mai yawan mai, a gidan ana ce mata ta Tsoho. Mun sha fari a shekarun da suka wuce, gidaje da yawa sun cinye irinsu, mu kuwa Yaya ya hana a taɓa ko ƙwaya, muka ci rama da tafasa muka fito da irinmu a hannu. Ni ma Inna, uwar mijina, ta ba ni ƙwarya guda ta wannan iri ina amarya, nake shukawa a 'yar gayaunata ta bayan gida. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Babanku bayan aikin gandu wanki da guga yake yi. Da wasu Turawan kamfanin titi suka kafa sansani kusa da Ƙaraye, shi ya riƙa yi musu wanki. Da aikinsu ya ƙare za su tashi, suka bar masa wani farin akwatin ƙarfe mai ƙofa a ciki, da ɗan janareta da tukunyar gas. Injin shanya ne. A zuba jiƙaƙƙun kaya, ya yi ta juya su cikin zafi, su fito a bushe ko sama na zuba. Ranar da mota ta sauke shi a ƙofar gida, har liman sai da ya zo ya leƙa cikinsa. Inna ta ce ita dai ba za a sa zaninta a ciki ba, wanda ya halicci rana bai ce ta gaza ba. Amma malaman makaranta da ma'aikatan ofishin hakimi da 'yan asibiti, waɗanda damina ke hana wa fita da fararen kaya, tun ba a kunna shi ba suka fara aiko da ƙunshi.

Aka sa shi a ɗakin da ke jikin zaure, aka kunna. Kaya suka bushe, ɗaki kuma ya jiƙe. Bango ya yi ta gumi, yaɓe ya fara saki, wani farin ɓurɓushin zare ya manne ko'ina har a gemun babanku. Sai ya tuna a sansanin akwai bututu a bayan injin da ya ratsa bango ya fita waje, ba su dai ba shi da shi ba. Ya je kasuwa ya zo da Ɗanladi, maƙerin da ke yin fitilar a-ci-bal-bal da mazurari. Ɗanladi ya farke garewanin kananzir, ya naɗe su, ya zura bakin wannan cikin na wancan, ya liƙe mahaɗin da dalma. Yin bututun bai ɗau lokaci ba. Inda za a fitar da shi ne ya ci mana kwanaki. Aka ce ta gabas, sai aka tuna bayan bangon nan tsakar gidan maƙwabci ne, ba a huda bango a saitin matan mutane ko da hudar allura ce. Aka ce ta ƙofar gida, sai aka ga nan dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ba za a riƙa hura musu tururi a ƙeya ba. Daga ƙarshe aka fitar da shi ta lungun baya, gajere, miƙaƙƙe, bakinsa ya ɗan sunkuya ƙasa, aka ɗaura masa ragar waya saboda ɓera. Ɗaki ya bushe, aiki ya kankama. Duk damina ruwa na ɗiga daga bakin bututun nan, har ciyawa ta fito a wurin kore shar, awakin unguwa kuma suka mai da lungun wurin shan ɗumi.

Awakin nan su suka ja mana. A shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa. An cire gyaɗa, an tsinke, a shanya da safe, kafin azahar hadari ya haɗo a kwashe da gudu. Gyaɗa ta ƙi yin ƙarar nan da take yi in an girgiza ta a bushe. Yaya ya rasa sukuni. Wata rana ya zagaya lungu ya tarar da awaki sun yi layi a bakin bututu suna lumshe ido. Ya sa hannu ya ji zafi. Ina daka a tsakar gida na ji ya ƙwala wa babanku kira.

"Wannan zafin da ke fita, na wane ne?"

"Na injin ne, Yaya."

"Na san na injin ne. Gas ɗin da ake ɗaukowa tun daga Kano, don awakin mutane ake ɗauko shi? Ga gyaɗa ta ƙi bushewa, ga zafi yana tafiya a banza. A kira Ɗanladi ya ƙara tsawon abin nan, a kai shi rumbu."

Na dakata da taɓarya ina jiran abin da babanku zai ce. Shi ya ga bango na gumi da idonsa. Shi ke share bakin bututun kullum. Ya fi kowa sani.

"To, Yaya."

Abin da ya ce ke nan. Na kusa dake ƙafata.

Da ya shigo cin abinci na tare shi. Na ce, Malam, iskar nan ba busasshiya ba ce, ruwan rigunan mutane ne ke fita ta nan. Ya ce ya sani. Na ce to ka faɗa masa mana. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa mayar wa Yaya magana ba, ba a kan bututu zai fara ba, wataƙila ma Yaya ya manta kafin gobe. Mutumin da bai taɓa manta inda ya ajiye tsohuwar ƙusa ba, shi ake fatan ya manta. Na je wurin Inna. Ta saurare ni tsaf, ta ce ita ma injin nan bai kwanta mata ba tun farko, amma rumbu maganar maza ce. Haka na yi ta zagaye a gida kowa ya yarda da ni, ba wanda zai buɗe baki.

Ku sani, a zamaninmu matar ƙane ba ta tsayawa gaban wan miji. In ya shigo ta durƙusa ta gaida shi ta kauce. Tun zuwana gidan, abin da ya taɓa haɗa ni da Yaya bai wuce ina kwana da ina wuni ba. Amma da na ga Ɗanladi ya dawo da garewani a kan jaki, sai na ɗauki murfin kwanon sha, na zagaya lungu lokacin da injin ke aiki, na kara shi a bakin bututu. Nan da nan ya yi ruwa tsamo-tsamo. Na dawo inda Yaya da babanku suke tare da Ɗanladi, na durƙusa a bayan zana, na miƙo murfin.

"Yaya, a gafarce ni. Ina da 'yar magana."

Sai Yaya ya ce da babanku, ba da ni ba:

"Me 'yar Jajaye take so?"

"Yaya, a dubi murfin nan. Daga bakin bututu na ɗauko shi. Kayan da ake zubawa a injin da ruwa suke shiga, su fito babu ruwa. Ruwan nan ina yake zuwa?"

Ya karɓi murfin ya juya shi, ya shafa da yatsa, ya miƙa wa babanku.

"Kwano ne yake gumi. Ko a kan tuwo ka kifa shi haka zai yi. Tun yaushe zafi ya zama ruwa? Wuta ce ke cinye ruwan a ciki. Ka ce mata ta koma bakin aikinta."

Ɗanladi yana tsugune yana ji. Na tabbata ya gane, don ya ɗago ya dube ni ya sunkuyar da kai. Amma shi an kira shi yin bututu ne, ba raba gardamar gidan mutane ba. Ya ce kawai, in ya yi tsawo da lanƙwasa da yawa iska ba za ta ji daɗin tafiya ba. Yaya ya ce iska ba ta da ƙafa balle ta gaji.

Da kun ga abin nan da kun yi dariya har hawaye. Aka toshe hudar lungu, aka huda bangon cikin gida. Bututu ya fito ya yi kwana ya kauce wa turken tumaki, ya sake kwana ya kauce wa madafa, ya ratsa tsakar gida a kan gwafanni daidai wuyan mutum, ya je ya shiga rumbu ta gindi, aka liƙe kewayensa da laka. In za ka je rijiya sai ka sunkuya. In ka ɗauko tulu a ka sai ka durƙusa. Inna ta buga goshi ya fi a ƙirga, kowane bugu kuma ni take harara, wai mijina ne ya kawo injin. Aka juye gyaɗar gandu duka a rumbun, ta sayarwa da ta iri. Sannan Yaya ya hau tsani ya rufe bakin rumbun da faifai, ya yaɓe da laka, ya kifa jinka. Wai kada zafi ya gudu.

Aikin babanku ya lalace nan take. Kayan da suke bushewa kafin a gama tuƙa tuwo suka koma cin yini. Ruwa ya riƙa taruwa a inda bututun ya yi ciki, ɓurɓushin zare ya jiƙe ya toshe wuraren da ya lanƙwasa, sai an kwance mahaɗi an zazzage. Mahaɗan suka fara ɗiga a tsakar gida. Na jera ƙoƙuna a ƙarƙashinsu da gangan, ko Yaya zai gani. Ya gani, ya ce raɓa ce, ya kuma sa a riƙa kai ruwan gindin gwanda. Kullum da yamma yakan ɗora tafin hannu a jikin rumbu ya ji ɗumi ya yi murmushi. Har maƙwabta yake jawowa su taɓa. Wani dattijo ya ce kai, Audu, Allah ya yi maka kai. Ina ɗaki ina ji, kamar in fasa ihu.

Ana nan sai Yaya ya tuna da gyaɗata ta gayauna. Ita ma ba ta gama bushewa ba. A ɗakina nake shanya ta, a kan tabarma, a ƙarƙashin gado, wata a kwando a rataye saman murhu, ina juyawa dare da rana. Ya aiko babanku ya ce a kawo ta, zai buɗe rumbu ya zuba ta ita ma ta amfana. Babanku ya tsaya a bakin ƙofa da buhu a hannu.

"Yaya ya ce a kawo."

"Ba zan bayar ba."

"Ki rufa min asiri. 'Yar gyaɗa nawa ce?"

"Ta gandu tasa ce, ya dafa ta in yana so. Wannan Inna ta ba ni, ni na nome ta. Ka ce masa na ce a yi haƙuri."

Ya juya ya tafi da buhunsa wayam. Ban san yadda ya faɗa ba, na dai san kafin magariba unguwa ta ɗauka. 'Yar Jajaye ta hana wan mijinta gyaɗa. 'Yar Jajaye ta ware tukunyarta. Mata suka daina shigowa aron turmi. Yaya ya daina amsa gaisuwata. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, domin ba ƙaramin abu ba ne a ce yarinya ba ta da tarbiyya, kuma har Jajaye maganar ta kai, mahaifina ya aiko a tambaya ko lafiya. Amma gyaɗata tana ƙarƙashin gadona.

Wari ne ya fara tona asiri, wani tsami-tsami kamar na tsohuwar gasara. Sai gindin rumbu ya yi naso, laka ta fara zubowa. Yaya ya ce ɓera ne ya mutu a wani wuri. Sai da Inna da kanta ta dogara sanda ta tsaya a gabansa ta ce Audu, hau ka buɗe, sannan ya hau. Da ya fasa yaɓen, tururi ya bugi fuskarsa. Ya zura hannu ya ɗebo. Ta sama ta yi fumfuna baƙi da kore, ta tsakiya ta tsira ta yi fararen saiwoyi ta sarƙe, ta ƙasa ta zama taɓo. Gyaɗar da ta tsallake fari, ruwan rigunan malaman makaranta ya kashe ta. Ko awaki ba a bari sun ci ba, rami aka haƙa. Ya sauko daga tsani bai dubi kowa ba. Wallahi na ji tausayinsa a ranar, na so a ce ni ce ban yi daidai ba.

Washegari babanku ya tashi, bai nemi iznin kowa ba, ya kwance bututun nan gaɓa-gaɓa, ya buɗe hudar lungu, ya mai da gajeren yadda yake da. Wannan shi ne abu na farko da na ga ya yi ba tare da ya ce to Yaya ba. Da ya yi shi tun ana da gyaɗa!

Da bazara ta kawo, na auna tawa. Ba za ta rufe gandu ba, amma za ta rufe gefe guda, a samu irin baɗi. Na juye duka a buhu na ba babanku na ce kai wa Yaya. Ya dawo da buhun.

"Ya ce ba zai shuka gyaɗar da aka hana shi ba."

"Da ban hana shi ba, da me za a shuka?"

"Ya ce tunda an fara mallakar iri daban-daban a gidan nan, gara kowa ya kama gonarsa."

Haka aka kira dattawa aka ja iyaka a tsakiyar gonar mahaifinsu, aka ja danga a tsakar gida. Ba wanda ya ambaci bututu a zaman. Ba a faɗa wa babba ya yi kuskure a gaban ƙanensa, amma ana iya cewa mace ce, wannan ba ya ɓata wa kowa rai sai ita. Babanku ya yi rashin wansa, shekara da shekaru suna haɗuwa a masallaci su gaisa kamar baƙi, kuma na san abin ya ci shi har ya mutu. Ni ma na yi rashin gida mai tukunya ɗaya, da ina son sa.

Yaya ya sayo wani iri a kasuwa, bai yi masa kirki ba. Da shekara ta zagayo na cika ƙwarya da ta Tsoho na kai wa Inna, na ce ta zuba masa a buhun irinsa kada ta ce komai. Ya shuka. Manomi kamar Yaya ba zai kasa gane yaɗon gyaɗar ubansa ba tun tana ganye huɗu. Bai tuge ta ba. Gyaɗar da 'ya'yansa suke nomawa yau suna bugun ƙirji wai irin kakansu ne, daga ƙarƙashin gadona ta fito. Injin kuwa ya yi mana aiki har gas ya gagara samuwa, kun tarar da shi kaji na ƙwai a ciki.

Da Yaya ya tsufa ya kwanta ciwon ajali, na je gaishe shi da kunu. Ɗakin ba kowa, matarsa ta fita ɗebo ruwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce sannu, Yaya, ban sa ran zai amsa ba. Sai ya kira ni, idonsa na kan rufin ɗaki.

"'Yar Jajaye."

"Na'am, Yaya."

"Wai ruwan kayan nan, ina yake zuwa?"

Na dube shi, na ga bakinsa na rawa yana son yin dariya. Amsar tana bakina tun ina da ƙuruciya, na yi ta tanadinta shekara da shekaru. Sai na ji na ce:

"Allah ne masani, Yaya."

"Rumbu yake zuwa," in ji shi. "Ki yafe ni."

Na yafe masa a nan take, har zuciyata, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Amma ku dubi mutumin nan. Gida cike da 'ya'ya da jikoki, masu dubiya na shiga suna fita tun safe, ya rasa lokacin da zai faɗa sai da ya tabbata daga ni sai shi a ɗakin.